Mai Gadin Hannun Hagu

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Ladidi ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Har yau idan na sauka daga mota a bakin kasuwa, sai an sami wani dattijo ya ɗaga mini hannun hagu yana murmushi. Ni ma sai in mayar masa da murmushin, in wuce ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku gane girman wautar. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Tudun Wada. Na yi shekara da shekaru ina zana zuciyar ɗan Adam a allo da jan alli da shuɗi, ina dukan tebur ina cewa yara su rubuta. Garinmu wani ƙauye ne a Doguwa, ta wajen Falgore, inda Babanmu yake noman masara. Ni ne ɗan farinsa, kuma duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Ana yaye ni aka miƙa wa kawuna a Bebeji, can na tashi, can na yi karatu, gida sai da sallah. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana son magana da ni sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mutumin Tudun Wada kaza," ko da kuwa daga ni sai shi a zauren. A wurin Inna ma sunana "wancan". Ban taɓa ganin Baba babu riga ba, ban taɓa bin sa gona ba. Na san kunya ce, ba ƙiyayya ba, amma gaskiya tun ina yaro abin yana yi mini ciwo.

To, bayan kaka ana cikin casar masara, Baba ya yanke jiki ya faɗi a masussuka. Amininsa Ardo Buba, wanda rugarsa take kusa da gonarmu, shi ya ɗauke shi zuwa asibiti. Daga asibitin kusa aka tura su Kano, can aka gano bugun zuciyarsa ne yake yin sanyi, har wani lokaci ya tsaya kamar yana tunani kafin ya ci gaba. Aka ce sai an sa masa na'urar da za ta riƙa zaburar da ita, wadda mutanenmu suke kira batir. Ni kuwa muna tsakiyar jarabawa, ban sami isa ba sai washegarin aikin. Ina shiga ɗakin Baba ya ja bargo har wuya, ya juya fuska wajen taga, ya amsa gaisuwata kamar yana amsa wa tagar.

Likitar da ta yi aikin mace ce, mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ta kira ni ofishinta tare da Ladidi, ta zauna ta yi mana bayani da Hausa tsaf. Ta ce batirin ɗan ƙarami ne, yana ƙarƙashin fata a ƙirji, ƙasa kaɗan da kafaɗa. Daga jikinsa wata siririyar waya ta bi ta jijiya ta gangara har cikin zuciya. Bakin wayar a murɗe yake, sai a juya shi a hankali ya shiga naman zuciyar ya riƙe, ta sama kuma a ɗaure ta da zare.

"Amma wannan riƙon na wucin gadi ne," in ji ta. "Kamar dashen tumatir ne. Ranar da kuka dasa, ko iska mai ƙarfi tana iya tuge shi. Sai an ba shi lokaci nama ya tsiro ya rungume bakin wayar, sannan a ce ya kama. Saboda haka har mako shida, hannun da ke gefen da muka sa kada ya wuce kafaɗa, kada ya ɗauki nauyi, kada a fizge shi. In wayar ta goce, zai iya sake faɗuwa, kuma sai mun sake buɗewa."

Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina amsa mata da Turanci (ita tana Hausa, ni ina Turanci, ku duba wannan hali). Da ta ɗauko takarda za ta nuna mini hoton wurin, sai na ɗaga mata hannu na ce ai ni malamin kimiyya ne, na sani. Ta dube ni na ɗan lokaci ta ce, "To madalla." Takardar sallama ma da aka ba ni ban karanta ba. Na kai ta aka lulluɓe ta da leda don kada ta jiƙe, na adana ta a jaka kamar takardar gona. Me zan karanta? Zuciya a hagu take, kuma duk hotunan da na gani a wayata a hagu ake sa batir.

Aka sallame mu daidai da fara hutun makaranta, na tattaro kayana na tare a ƙauye. Na naɗa kaina mai gadin hannun hagun Baba, ba wanda ya roƙe ni.

Ranar farko na karɓi wani tsohon mayafin Inna na rataye hannun a wuyansa, na ɗaure tam. Baba ya dubi mayafin, ya dubi bango. Na ɗauko kujera 'yar tsugunno na kafa a hagunsa, kullum nan nake wuni. Duk wanda ya zo dubiya sai na tare shi tun daga ƙofar zaure na yi masa darasi a kan waya da naman zuciya, har da zane a ƙasa da tsinke. Wayar salularsa da take aljihun hagu na cire, na ce daga yau a kunnen dama za a riƙa amsawa, don kada ta kusanci batir. Sai ya miƙa wa Inna ita ya ce shi ya daina amsa waya.

Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne yadda Baba ya koma kamar marar hannu gaba ɗaya. In na miƙa masa buta cike da ruwa ta dama, sai ya ce a ajiye a ƙasa. Hularsa tana rataye a ƙusa, amma sai Inna ta zo ta ciro ta ɗora masa. Na ce a raina tsufa ne da raunin jinya, kuma maganinsa motsa jiki. Don haka na fito da sabon tsari: kowace safiya Baba zai ɗaga hannun dama sama, can sama, sau goma, tunda shi lafiyarsa ƙalau.

"A bari sai gobe," in ji Baba, yana kallon bango.

Gobe ta yi, ya ce a bari sai gobe. A rana ta huɗu na matsa, na tsuguna a gabansa na ce, "Baba, don Allah ko sau ɗaya." Ina ganin nauyina ya ji, don ya fara ɗagawa a hankali, har ya kai kafaɗa yana shirin wucewa. Sai ga Ladidi ta saki kwanon koko a tsakar zaure, ya fantsama har jikin wandona. Ita ce autarmu, ita kaɗai take wasa da Baba har ta ja masa gemu, kuma ita ta yi jinyarsa a Kano.

"Yaya, ina son magana da kai a waje," ta ce.

Muka fita ina goge wando. Ta ce, "Yaya, wannan hannun da kake ɗaurewa..."

"Ke Ladidi, aji nawa kika yi a kimiyya?"

"Ba maganar aji ba ce, Yaya, ni fa ina wurin..."

"Ki je ki ji da lallenki da kayan ɗakinki. Wannan ba aikin yara ba ne."

Ta buɗe baki, sai muka ji gyaran muryar Baba daga zaure, irin wadda kowa a gidan ya san fassararta. Ta rufe bakin ta koma ciki. Ni kuwa na ɗauka ni Baba ya goya wa baya, har na ƙara gyara tsayuwa.

An sa ranar auren Ladidi tun kafin ciwon, Baba kuma ya ce ba za a ɗaga ba. Bikin ya faɗo mako uku bayan aikin, wato dashen bai gama kamawa ba. Da safiyar ranar Baba ya aiko Inna ta gaya wa "wancan" cewa yau ba zai rataya mayafin mata a gaban surukai ba. Na yarda, amma da sharaɗin zan tsaya a hagunsa daga farko har ƙarshe. Na sha farar shadda mai sitati, na kafa hula, na tsaya kamar dogari.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a sun cika har bakin hanya, ga dangin ango daga Kiru, ga mutanen ruga, ga liman a zaune da faranti biyu a gabansa, ɗaya goro ɗaya dabino da alawa. Sanƙira yana ta kai da kawo da lasifikarsa ta hannu. Ana jiran dagaci kawai. Da motarsa ta tsaya ya fito, mutane suka miƙe, hannuwa suka tashi sama ana jinjina ana "Ranka ya daɗe." Sai na ga ta wutsiyar ido hannun rigar Baba yana motsi. Hannun hagu. Ya dunƙule shi, yana tafiya sama, ya wuce kafaɗa.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na dai ji muryata tana cewa, "Wayar za ta goce!" na cafke hannun da hannuwana biyu na rataya a jikinsa kamar mai kama akuyar da ta tsinke. Ƙafata ta dama ta sauka cikin farantin goro, farantin ya zame da ni, na tafi ƙasa. Dabino ya watse, alawa ta watse, hulata ta gangara ta tsaya a gaban takalmin dagaci. Na ƙare a zaune rabi a tabarma rabi a cinyar liman, kuma duk da haka ban saki hannun rigar Baba ba, har ɗinkin hammata ya ɓarke.

Mai hankali a nan zai ba da haƙuri ya sulale. Ni kuwa sai na miƙe na karɓe lasifikar sanƙira (har yau ban san abin da ya hau kaina ba), na ce, "Ranka ya daɗe, jama'a, a yi mini afuwa. Ba rashin ladabi ba ne, ilimi ne." Na shiga bayani. Na faɗi jijiya, na faɗi bakin waya mai murɗi, na ari dashen tumatir na likita na mayar da shi nawa. Na rufe da cewa tunda zuciya a hagu take, a hagu aka sa batir, don haka duk mai ƙaunar Baba kada ya bari hannun nan ya tashi.

Na tsaya ina haki, ina jiran a ce Allah ya yi albarka. Sai Ardo Buba ya taso daga cikin mutane, ya dogara da sandarsa, ya dube ni da tausayi. Wannan tausayin ya fi mari zafi.

"Ɗana," ya ce a hankali, "a dama fa aka sa."

Na ce, "Na'am, Baffa?" Kuma lasifikar tana bakina, kowa ya ji.

"A dama. Ina tsaye likita ta tambaye shi da wane hannu yake riƙe fartanya, ya ce hagu. Ta ce to za ta sa a ɗaya gefen, don kada aikin gona ya riƙa jijjiga wayar in ya warke." Ya ɗan karkata kai. "Kai ba ka san mahaifinka bahago ba ne?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Da dama yake cin abinci, da dama yake musabaha, da dama yake miƙa abu, kamar kowane ɗan mutunci da aka hora tun yana ƙarami. Hagun nasa a gona yake, ni kuwa ban taɓa zuwa gonar ba. Duk ƙauyen sun sani, dagaci ya sani, shi ya sa bai ga laifin jinjinar hagu daga mutumin da hannun damansa yake jinya ba. Ni kaɗai ne, ɗan cikinsa, mai zanen zuciya da alli kala biyu, ban sani ba.

Wani daga dangin ango ne ya fara ƙyalƙyalewa da dariya, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi. Daga nan ta kama kamar wutar kara. Liman yana tsince dabino daga cikin rigarsa kafaɗunsa suna rawa. Dagaci ya sa a ɗauko hulata, ya kaɗe ta da kansa ya miƙo mini ya ce, "Malam, mun ƙaru." Baba dai bai yi dariya ba. Ya dubi Ardo ya ce, "A ce wa mutumin Tudun Wada ya mayar wa mai lasifika kayansa, za a ɗaura aure."

Aka ɗaura, aka shafa fatiha. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba, domin kunyar ta riga ta koma tsoro. Na tuna butar da nake miƙa masa ta dama. Na tuna safiyar da na tsuguna ina roƙonsa ya ɗaga hannun da aka ce kada ya ɗaga, ya kuma fara ɗagawa don kada ya kunyata ni. Na tuna yadda na fizge shi yanzun nan da dukan nauyina har jikinsa ya girgiza. Na shiga ɗaki na zaro takardar nan mai leda, ga shi kuwa a rubuce ɓaro-ɓaro a layi na uku: dama. In wayar nan ta goce, ni na sa ta goce.

Na so mu kama hanyar Kano a ranar, Baba ya ce ba zai bar baƙi ba, kuma ai jibi ne ranar komawarsa asibiti. Kwana biyun nan ko tuwon biki ban iya haɗiya ba. In ya yi tari sai gabana ya faɗi, in ya jingina ya lumshe ido sai in matso in ga ko ƙirjinsa yana motsi.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, likitar ta ɗora masa wani abu kamar marfin kofi a kan batirin tana kallon na'urarta. Ni ina bayan labule, don Baba ya ce sai na fita kafin ya cire riga. Wannan karon da Hausa na yi magana, kuma na faɗi duk abin da na aikata, ban rage ko motsa jikin safe ba. Ta gama duba na'urarta ta ɗago kai.

"Wayar tana inda muka bar ta," ta ce. "Dashe yana kamawa. A ci gaba da kiyayewa sauran makonnin, in sha Allahu da damina zai yi nomansa."

Na jingina da bango na yi hamdala, idona ya kawo ruwa, ban kuma ji kunyar hakan ba. Sai na ji ta ƙara da cewa, "Amma Baba, wannan kafaɗar ta hagu ta ɗan sandare. Wa ya ɗaure maka ita?"

"Wani malamin kimiyya ne," in ji Baba.

A hanyar dawowa muna kujerar baya ni da shi, Ardo yana gaba. Mun wuce Tudun Wada kafin na iya tattaro ƙarfin hali. Ban dube shi ba, na dubi bayan kujerar direba, irin yadda shi yake yi, na ce, "Da an gaya wa mutum tun ranar farko, da bai kai ga haka ba."

Ya daɗe yana kallon gonakin da aka girbe. Can sai ya ce wa gilashin taga, "Mutum ya shekara talatin da wani abu bai taɓa wuni kusa da ni ba. Ya zo ya zauna. Sai in tashe shi don ya zauna a gefen da ba shi ba?"

Ardo ya yi kamar yana barci. Ni kuma na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido, har muka iso gida ina fama da shi.

Da damina ta faɗi na bi Baba gona a karo na farko a rayuwata. Na ga fartanya a hannun hagunsa tana tafiya kamar da ita aka haife shi, na yi kunya biyu na gaji, ya yi shida bai tsaya ba, batirinsa yana aikinsa shiru. Ladidi har yanzu in ta kira ni sai ta fara da, "Yaya, aji nawa ma ka ce na yi a kimiyya?" Ɗalibaina kuwa ba su san dalilin da ya sa yanzu nake cewa su tambayi abu ko da suna ganin sun sani ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In likita ta ɗauko takarda za ta nuna maka, ka rufe bakinka ka duba. In ƙanwarka ta saki kwanon koko a gabanka, ka saurare ta. Kuma kafin ka yi wa gari guda darasi a kan zuciyar mahaifinka, ka fara sanin da wane hannu yake noma.

Yanzu duk hutu ina gida, kuma a damansa nake kafa kujerata, don in rama bashin gadin da ban yi ba. Ran nan ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mutumin Tudun Wada wannan gefen ma ya warke tuni." Na fara tattara kujerar zan tashi, sai ya ƙara da cewa, "Ba a ce ya tashi ba."